Ɗan Gilashin da Ya Wanke Mai Koko

Na yi yawon duniya daidai gwargwado, kuma yanzu da shekaru suka taru, abubuwa da yawa sun fara dushewa a kaina, har nakan haɗa kasuwar wani gari da tashar wani. Amma akwai kwana biyu da na yi a garinmu, a ƙarshen wata damina, da na tabbata ba za su fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni.

Garinmu ƙarami ne, yana bakin fadama tsakanin Wurno da Goronyo. Shekarar nan ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya hau gonaki, ya kewaye rabin gari na 'yan kwanaki sannan ya janye. Janyewarsa ke da wuya sai zawo da amai suka shiga yara. Malamin asibitinmu ya yi ta haɗa ruwan gishiri da sukari, waɗanda abin ya tsananta musu aka kai su Goronyo. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma yau wannan gida, gobe wancan, kuma hankalin iyaye ya tashi.

Mutane idan suka tsorata, sukan nemi wanda za su nuna da yatsa. Yatsar ta sauka kan wata dattijuwa mai sayar da koko a gindin darbejiyar bakin masallaci. Asalinta daga wajen Rabah ne, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta da jikoki uku, kuma da kokon nan take ciyar da su. Kowa Inna yake ce mata, yaro da babba. Wani ne ya lura cewa duk yaron da ya kwanta ya sha kokonta. Gaskiya ne, sai dai babu wanda ya tsaya ya tuna cewa yaran da ba su kwanta ba su ma kokonta suke sha, don ita kaɗai ke damawa a garin. Cikin mako guda ciniki ya tsaya cak. Ta riƙa dama ƙwarya guda tana mayar da ita gida yadda ta fito da ita. Aka fara zancen a hana ta sana'a, a kira danginta su zo su ɗauke ta. Ga mace mai sayar da abinci, a ce mata ƙazama a bainar jama'a ya fi duka ciwo.

Akwai ɗiyar ƙanwata da ke koyarwa a jami'a, fanninta ilimin haske. Ta yi karatu a waje, ta dawo tana aiki da abokanta kan wata 'yar na'ura ta gano ƙwayar cuta a cikin ruwa. Na buga mata waya na gaya mata halin da ake ciki. Ta ce, "Kawu, abin nan bai gama zama ba fa, gwaji muke yi. Zan zo da shi, amma duk abin da ya nuna sai na kai ruwan ɗakin bincike an tabbatar." Na ce ta zo a haka.

Na taɓa kwanciya asibiti a Jidda, na ga injin gwajin jini da ya kai girman kabad ɗin kaya. A tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda na yi shekaru ina tafinta tsakanin fatake da ma'aikata, in aka ɗauki samfurin wani abu sai an yi kwanaki kafin a ji sakamako. Don haka da ta fito daga mota da akwatin da bai wuce kwalin takalmi ba, sai na leƙa bayan motar ina neman sauran kayan. Ta yi dariya ta ce shi ke nan, sai kwamfutarta da batirin da ake cikawa da hasken rana.

Zuciyar na'urar wani ɗan gilashi ne da bai fi farcen babban yatsa ba, kuma ta zo da irinsa da yawa a cikin gwangwani, don kowane gwaji da nasa. Da ta ɗora mini madubin ƙara girma a kai, sai na ga an zana hanyoyi a cikinsa, sirara fiye da gashin kai, suna rabuwa suna haɗuwa. Nan da nan na tuna lambun albasa, yadda mai ban ruwa ke jan ruwa daga babbar hanya ya raba shi fangali fangali. Na faɗa mata haka, ta ce ko malamanta ba su kwatanta shi da kyau kamar haka ba, kodayake na san daɗin baki take yi wa kawunta.

A rumfar ƙofar mai gari ta yi wa dattawa bayani. A hanya ɗaya ta cikin gilashin wani ruwan rini ne ke gudana, mai kama da zoɓon da aka tsarma. Idan aka haska masa wata ƙaramar fitila kore, sai rinin ya fitar da nasa hasken, siriri, mai launi ɗaya tak, irin wanda ake kira leza. Akwai 'yan famfuna biyu, ɗaya na rinin, ɗaya na wani farin ruwa. In ta ƙara wannan ta rage wancan, sai launin hasken ya gusa, daga rawaya ya nufi ruwan goro, ko ya dawo. Da haka take daidaita shi a inda ɗan canji kaɗan zai bayyana. A hanya ta biyu, wadda ke manne da ta farko, nan ruwan da ake gwadawa ke wucewa, kuma an shafa wa bangonta wani abu da ke kama ƙwayar cutar da ake nema ya riƙe. In ƙwayoyin suka manne, launin hasken sai ya gusa da kansa, gusawar da ido ba ya gani amma na'ura na gani. A fuskar kwamfuta akwai wani siririn layi a tsaye. In bai motsa ba, ruwa lafiya. In ya matsa dama, akwai cuta.

Mai gari ya daɗe yana duban gilashin a tafin hannunsa. Ya ce, "Ke ɗiyata, wanga ɗan abu shi za ya gane abin da ya gagari gari?"

Ta ce, "Ranka shi daɗe, abin da anka zuba mishi kawai yake gani."

A lokacin ba wanda ya ɗauki maganar da wani nauyi, har ni.

Ta raba ƙananan kwalabe masu murfi, mai shela ya zaga gari cewa kowane gida ya ciko tasa da ruwan da ake sha a gidan. Kafin hantsi ya yi zafi kwalabe sun dawo, gida talatin da 'yan kai, kowace da alamar gidanta. Ta daidaita haskenta, ta fara. Sai ta zuƙi ruwa da sirinji, ta tura shi ta wani ɗan mataci, ta ɗiga abin da ya taru a cikin gilashi, a jira 'yan mintuna. Kwalbar mai gari, layi bai motsa ba. Ta liman, bai motsa ba. Tawa, bai motsa ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na gyara zaman hulata. Haka aka yi ta tafiya har bayan azahar, gida bayan gida, layi na tsaye kamar an kafa shi da ƙusa.

Sai aka zo kwalbar Inna. Tun kafin a zuba, kowa ya ga ruwanta bai yi garau kamar na sauran ba. Aka ɗiga, aka jira. Layin ya tashi daga inda yake ya matsa dama, matsawar da ko na bayan taro ya gani.

Wurin ya kaure. Akwai wani dillalin albasa, mutum mai faɗin murya wanda ɗiyarsa na cikin waɗanda aka kwantar a Goronyo, ya miƙe ya ce, "To, jama'a, mi ya rage? Tun yaushe muke faɗi! Ga shi gilashi ma, da ba shi da ido ba shi da hanci, ya gane ƙazanta."

Inna tana durƙushe daga gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Ranka shi daɗe, cewa anka yi a kawo wanda ake sha, shi na kawo. Rijiyar da kowa ke ɗiba, ita nike ɗiba. Ban da wata."

'Yar ƙanwata ta tashi tsaye ta ce wannan ruwan randa ne aka gwada, ba koko ba, kuma a bari ta gwada rijiyar tukuna. Amma wa zai saurara? Aka ce gidaje talatin na shan rijiyar nan kuma duk sun fito lafiya, me za a gwada a cikinta? Mai gari mutum ne mai adalci, amma abin da ya gani da idonsa ya gani. Ya ce Inna ta dakatar da koko, kuma za a aika wa danginta su zo ranar Juma'a a yi magana. Na kalle ta tana tafiya ita kaɗai ta bi ta bakin masallaci, kuma na san ni na kira abin da ya kashe ta a tsaye.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gidana, 'yar ƙanwata ta ƙi taɓa abinci. Sai jujjuya sakamakon take yi a kwamfuta. Ta ce, "Kawu, akwai abin da bai yi mini ba. Ruwan gida talatin ba ya zama iri ɗaya haka. Wani randarsa sabuwa, wani tsohuwa, wani awaki na sa baki. Ko babu cuta ya kamata in ga ɗan bambanci. Waɗannan kamar daga tulu ɗaya aka zubo su."

Tana cikin faɗa sai uwargidana ta fito da ruwa a kwanon sha mai murfi, wanda ba a fito da shi sai an yi baƙo, ta ajiye a gabanta. Na buɗe murfin. Ruwa garau, kana ganin zanen gindin kwano. Na tashi na je randar da ke gindin rumfa, wadda jikokina ke ɗiba da moɗa duk yini, na ɗebo. Ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke gero a ciki.

Duk ƙasar da na zauna, na ga mutane na girmama baƙo da ruwa. A Sudan ana jera manyan tuluna a bakin hanya don mai wucewa ya sha. A Kumasi ba a tambayarka abin da ya kawo ka sai ka sha ruwa. Amma ban ga inda aka kai mu ba wajen ware ruwan baƙo dabam da na gida. A garinmu akwai burtsatse guda ɗaya can ƙarshen gari, ga nisa ga layi, ba mai iya ɗebo na yini daga can. Sai kowace mace ta ajiye jarka ɗaya ta ruwan burtsatsen a ɗaki, don baƙo da shayin maigida. Sauran gida kuwa rijiyar bakin fadama ce. Na san wannan tun ina yaro, amma da yake ni ake ba na jarkar, ban taɓa tunaninsa ba.

Na ce, "Hajiya, kwalbar da anka kawo da safe, ina kinka ciko ta?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana daga gabas take fitowa. "Daga jarka mana."

"Ba cewa anka yi wanda ake sha ba?"

"To kai ba shi kake sha ba? Haba Alhaji! Ɗiyarmu ta taso tun daga birni, malama guda, ga mai gari ga liman ga dukkan mazan gari zaune, in aika da ruwan randa a ɗaga shi sama kowa shi gani? A ce gidan wa?"

'Yar ƙanwata ta dafe kai da hannu biyu, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce laifinta ne, shekarun da ta yi a waje sun sa ta manta gidan da ta fito. Ni ban yi dariya ba. Na gane cewa a duk garin nan mace ɗaya ce ta aika da gaskiyar randarta, domin ita ake zargi kuma tana tsoron a ce ta yi ha'inci, kuma ita aka hukunta.

Washegari da safe, bayan an gaisa a zauren mai gari, na nemi izinin magana. Na ajiye kwano biyu a gabansa, na ce wannan shi gidana ya aiko jiya, wannan kuma shi jikokina ke sha. Na ce ni ne na farko da ya yi wa gilashin nan ƙarya, kodayake ban sani ba, kuma ina roƙon kowane magidanci ya koma gida ya tambaya. Liman ne ya fara murmushi, ya ce shi ba sai ya tambaya ba, don ya ga jarkar a ƙofar ɗaki jiya.

Dillalin albasa bai yarda ba. Ya ce, "Alhaji, da girmanka. Jiya gilashi ya ce lahiya, yau kuna so shi ce cuta. Ai mun gani da idonmu, ita ke murɗa launin nan yadda take so. In ta so ja, ja. In ta so rawaya, rawaya. To mi za ya hana ta murɗa shi don ta fid da wadda kawunta ke tausayi?"

Wasu suka yi masa ca, amma yarinyar ta ce a bar shi, tambayarsa tana kan hanya, irinta ake yi musu a jami'a. Ta ce ga yadda za a yi. Mata uku da mai gari ya yarda da su za su shiga gida gida su ɗebo daga randar yara da hannunsu, su ɗebo na rijiya, na burtsatse, da ruwan da Inna ke tafasawa ta dama koko. Mai gari zai ɗaura wa kowace kwalba zare da ƙulli, shi da liman kaɗai za su san ta wace ce. Ita kuma za ta daidaita hasken sau ɗaya a gaban kowa da ruwa mai tsabta, sannan a rufe famfunan da ƙwarya, dillalin da kansa ya zauna ya dafe ta.

Haka aka yi. Uwargidana ce ta ja gaban matan, kuma na ji labari cewa duk gidan da suka shiga sai ta fara da cewa, "Tawa randar ta fi taki muni, kauce in ɗiba." Wata ta yi ƙoƙarin tare ƙofar da tabarma, wata ta rantse nata na randa ne ta aika, sai ga ledoji biyu na fiya wata a yanke a bayan murhu.

Ba zan manta zaman nan ba. Rana ta take, ba mai tafiya. Dillali na zaune ya dafe ƙwarya da hannu biyu, gumi na zuba, kamar wanda aka ba ajiyar maciji. Yarinyar ba ta san kwalbar kowa ba, sai dai ta ce, "Mai ƙulli biyu da jan zare, akwai cuta," liman ya duba takardarsa ya yi alama. Layi ya matsa, ya sake matsawa, ya sake. Can sai a sami wadda bai motsa ba. Da aka gama, mai gari ya karɓi takardar ya karanta da kansa. Ruwan rijiya shi ya fi kowanne tura layin nesa. Randar kusan kowane gida akwai cuta, har tasa, har ta liman, har tawa, har ta dillali. Burtsatse lafiya. Gidaje huɗu da ke maƙwabtaka da burtsatsen lafiya, kuma sai a lokacin aka tuna cewa ba yaronsu ko ɗaya da ya kwanta, alhali kullum da safe suna gindin darbejiya da kofunansu. Mai gari ya bar kwalba ɗaya sai ƙarshe, ya ɗaga ta sama.

"Wagga," in ji shi, "ruwan tukunyar Inna ne, wanda take dama koko da shi. Babu komi cikinta."

Mata da ke tsaye bayan katanga suka saki guɗa. Na ga dattawa suna kabbara, na ga malamin asibiti yana tafi kamar yaro. Ashe a duk kwanakin nan, abu mafi tsabta da ke shiga cikin yaran garinmu shi ne kokon da muka hana su sha.

Aka je aka duba rijiyar. Bakinta ya tsage ta gefen da ambaliya ta biyo, kuma ruwan ya ratso ta bayan gari da turakun dabbobi kafin ya iso ta. A ranar aka rufe ta, aka sa kowane gida tafasa ruwa, daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba magani, matasa suka yashe ta aka ɗaga bakinta da siminti. 'Yar ƙanwata ta tafi da samfura, bayan kwanaki ta bugo ta ce ɗakin bincike ya tabbatar da abin da gilashin ya nuna. Kafin wata ya ƙare ciwon ya ɗauke.

Amma ni abin da ya fi zama mini shi ne abin da ya faru a rumfar kafin a watse. Mai gari ya sa aka kira Inna, ya ce a shimfiɗa mata tabarma, ya ba ta haƙuri da bakinsa a gaban kowa, ya ce a mayar da ɗan aiken da zai je wajen danginta. Dillali ya saki ƙwarya, ya taso ya durƙusa a gabanta, ƙaton mutum, ya ce, "Inna, bakina ya yi mini ta'adi. Ki yafe."

Inna ta sauke mayafin daga fuskarta ta ce, "Na yafe, don ɗiyarka ce kwance, kuma mai ɗiya kwance ba shi da hankali. Amma gobe kai za ka fara sha, a tsaye, inda kowa ke gani."

Ya kuwa sha. Na fito sallar asuba na tarar da layi daga gindin darbejiya har ya wuce kwanar masallaci, shi ne a gaba da babban kofi. Kafin rana ta fito ƙwaryar ta ƙare, ta koma ta dama ta biyu.

Abin da kwana biyun nan suka koya mini shi ne, kunya ado ce a gaban baƙo, amma a gaban mai neman yi maka magani cuta ce ta biyu. Mun so mu fita kunya, sai muka kusan korar mace mai gaskiya daga gari, muka bar 'ya'yanmu suna shan abin da ke kwantar da su. Na'ura komai ƙwarewarta amsar abin da aka ba ta take bayarwa. Tun daga lokacin, in likita ya tambaye ni yaya jiki, na daina ce masa da sauƙi kafin in gaya masa inda ke ciwo.